MATACCE BA YA TUBA: A DAINA BARIN 'YA'YANMU SUNA MUTUWA A ƊAKI

Iyayenmu sarakunan Hausawa, limamai, shugabannin kasuwanni da tashoshi, da dukkan jama'armu mazauna Agege, Mil 12, Idi-Araba, Obalende, Apapa da sauran unguwannin Legas, muna gaishe ku da fatan alheri.

Akwai wata irin mutuwa da ta zauna a cikinmu, wadda ba a kiran sunanta a wajen jana'iza. Saurayi mai jini a jika, jiya an gan shi yana dako ko yana tura baro, yau da hantsi a ce ya kwanta barci bai tashi ba. Sai a ce zazzaɓi ne, a yi masa sutura a kai shi makwancinsa, a aika wa iyayensa a Arewa cewa ciwon dare ɗaya ne. Alhali abokan kwanansa sun san abin da ya haɗiya, maƙwabta sun ji minsharin da ya kwana yana yi, mai kemis ma ya san abin da ya sayar. Kowa ya yi gum, wai ana rufin asiri. To, wannan rufin asiri shi ne yake haƙa kabarin na gaba.

Maganarmu guda ɗaya ce. Yawancin waɗanda tiramol da kodin da danginsu suke kashewa, ana iya ceton su da a ce na kusa da su sun san abin yi, kuma ba su ji tsoron yi ba. Ƙwaya ba harsashi ba ce, tana ba da lokaci, wani sa'in mintoci, wani sa'in sa'o'i. A cikin wannan lokaci ne kunya da tsoron hukuma da ƙofar asibiti suke haɗuwa su ƙarasa abin da ƙwaya ta fara.

Bari mu fara da yadda abin yake kisa, don wanda bai san ciwo ba ba zai san magani ba. Tiramol da kodin da hiroyin da allurar penta duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom. Aikinsu a asibiti shi ne kashe zafin ciwo. Amma akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da yake ba ƙirji umarnin numfashi ko mutum yana barci, kuma idan waɗannan ƙwayoyi suka yi yawa a jiki, wannan wurin suke dannewa. Sai numfashi ya riƙa ja baya, iska ta daina isa ƙwaƙwalwa, daga nan zuciya ta tsaya. Idan aka haɗa su da giya ko roci ko baliyam, haɗarin yana ninkawa, domin su ma numfashin suke dannewa. Tiramol kuma yana da nasa sharri na daban, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini guda ga babban mutum mai ciwo, kuma wanda hukuma ta yarda a sayar a Nijeriya shi ne mai 50 da mai 100, shi ma da takardar likita. Amma wanda ke yawo a tasha da bakin kasuwa mai 200 ne da mai 225. Ke nan yaron da ya watsa mai 225 guda biyu da shayin safe ya riga ya tsallake iyakar yini guda tun rana ba ta yi zafi ba.

Alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana guda uku ne, kuma ba sai mai digiri zai gane su ba. Mutum ya yi nisa, a kira shi a girgiza shi ba ya amsawa. Numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, ko yana wani minshari mai kama da kakari, ko ya tsaya. Ɗan baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke ya koma kamar kan allura. Sau da yawa leɓɓa da farata su ma sukan canza launi su yi duhu. Duk wanda ya ga haka ya sani ba barci ba ne.

To me ake yi a ɗakunan samari idan hakan ta faru? Wani ya sheƙa masa ruwan sanyi, wani ya wanka masa mari, wani ya kawo madara ko manja ko ruwan gishiri a ɗura masa. Idan duk ba su yi ba, sai a ce a ƙyale shi, barci ne zai sake shi, a ja ƙofa a tafi neman abinci. Jama'a, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya. Madarar da aka ɗura masa huhu take tafiya, ta shaƙe ɗan numfashin da ya rage. Wanda kuma aka bari a rigingine, idan amai ya taso, shi zai toshe masa maƙogwaro. Mun san masu yin haka da kyakkyawar niyya suke yi, amma kyakkyawar niyya ba ta hana aikin ya zama kisa.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya. A kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba, nan take wani ya kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Legas, wani kuma ya fita neman mota ko Keke, kada a zauna jira. A duba bakinsa a cire abin da ke ciki, a ɗan ɗaga haɓarsa don hanyar iska ta buɗe. In ba ya numfashi, a toshe hancinsa a hura masa iska baki da baki, sau ɗaya a kowace daƙiƙa 5 ko 6. In yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, fuska ta ɗan kalli ƙasa. In yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki. Kada a ba shi komai ya sha, kada kuma a bar shi shi kaɗai. Idan an isa asibiti a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, in da sauran kwalin a tafi da shi.

Sannan akwai magani, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona mana rai, domin da yawa cikin jama'armu ko sunansa ba su taɓa ji ba. Sunansa nalokson. Ba sabon abu ba ne, tun 1971 aka amince da shi a Amurka, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinsa shi ne ya ture ƙwayar daga inda ta maƙale a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo cikin minti 2 zuwa 3. Ana yin sa allura a tsokar cinya ko dantse, akwai kuma na fesawa a hanci. Ba ya bugarwa, ba a kamuwa da jarabarsa, kuma in aka yi wa wanda bai sha dangin ofiyom ba, ba abin da zai yi masa. Sai dai ƙarfinsa yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar tana iya daɗewa fiye da haka, kuma ba ya tsayar da jijjigar tiramol. Saboda haka ko mutum ya farfaɗo ya ce shi garau yake, asibiti dole ne.

Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa kada a kulle wannan magani a asibiti kawai, a ba da shi ga mutanen da za su iya tarar da wanda ƙwaya ta kayar, wato 'yan'uwa da abokai da maƙwabta, a kuma koya musu amfani da shi. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum wajen 125,000 ne irin wannan mutuwa ta ɗauke a duniya. A Amurka, inda mutuwar ƙwaya ta haura mutum 100,000 a 2021 da kuma 2022, sun kai ga amincewa a Maris na 2023 a riƙa sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Mu a nan, mai neman tiramol 225 ba zai yi tafiyar minti goma ba zai samu. Wai shin mai neman nalokson da tsakar dare ina zai dosa? Guba a bakin ƙofa, makarinta a bayan tebur a babban asibiti, wannan wane irin tsari ne?

Mun san abin da wasu za su ce, domin mun sha jin sa a majalisu. Na farko su ce, ai shi ya jawo wa kansa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To, direban da ya yi gudun wuce sa'a ya faɗa rami, shi ma shi ya jawo wa kansa, amma ba mu taɓa ganin an bar shi cikin mota ana yi masa wa'azi ba. Ciro shi ake yi, faɗa ya biyo baya. Babu wanda ya ce shan ƙwaya daidai ne. Haramun ne, ɓarna ce, kuma za mu ci gaba da faɗa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa kare rai yana cikin manyan abubuwan da addini ya zo ya tsare, kuma ƙofar tuba a buɗe take ga mai numfashi. Wanda ya mutu ya gama, ba ya tuba, ba ya daina shaye-shaye, ba ya komawa gida ya nemi gafarar uwarsa. Masu cewa kwana ne ya ƙare kuwa, ai ko nasu ɗan ne maciji ya sara, da gudu za su nemi magani, ba za su zauna lissafin kwana ba.

Na biyu su ce, in aka kawo makari ai an ba su lasisi ke nan, za su ƙara sha. Wanda ya faɗi haka bai san yadda nalokson yake ba. Mai jarabar ƙwaya in aka yi masa, yana farkawa ne cikin azaba, da zufa da amai da ciwon gaɓoɓi, domin an fizge abin da jikinsa ya saba da shi lokaci guda. Babu mai marmarin wannan. Hular kwano ba ita ke sa ɗan acaɓa ganganci ba, kansa kawai take tsarewa ranar da tsautsayi ya zo.

Na uku, kuma wannan ya fi shafar mu mazauna Kudu, su ce ku yi shiru kada ku ɓata mana suna, dama ana neman abin da za a laƙa wa Bahaushe. Wannan tsoro mun fahimce shi, don mun san yadda laifin mutum ɗaya yake zama laifin unguwa guda idan baƙo ne ya yi. Amma a duba alƙaluma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 4.6 daga ciki dangin tiramol suke sha ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Shiyyar da ta fi yawa ita ce Kudu maso Yamma da kashi 22.4 cikin ɗari, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Ke nan wannan annoba ba ta da ƙabila, kuma babu mai bakin yi wa wani gori.

A kuma tambaya, ta ina kayan suke shigowa? Ɗan dako ba shi da kwantena a tashar jirgin ruwa. A 2022 Hukumar NDLEA ta gano ƙwayar tiramol sama da miliyan 13 a wani katafaren gida a yankin Lekki, ba a Agege ko Idi-Araba ba. A 2018, bayan rahoton BBC kan kodin, Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. A Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya sake bankaɗo yadda ake haɗa wata ƙwaya a Indiya, gamin tafentadol da karisofrodol, ana turo ta Afirka ta Yamma, har gwamnatin Indiya ta hana yin wannan haɗi da fitar da shi. An toshe wata kafa, wata ta ɓulle. Masu kuɗin suna can cikin sanyin na'ura, gawarwakin suna ɗakunanmu. In muka yi shiru, su muka rufa wa asiri, ba kanmu ba.

Yanzu sai maganar haƙƙi, wadda ita ce ginshiƙin wannan takarda tamu. Dalilin da ya sa abokai suke jan ƙofa su gudu ba rashin imani ba ne kaɗai. Tsoro suke ji kada su kai shi asibiti a ce sai da takardar 'yan sanda, ko sai an ajiye kuɗi, ko a riƙe wanda ya kawo shi a ce shi ne dila. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko hiroyin ko makamantansu, to yaron da ba shi da kowa a Legas, ba ya jin Turanci ko Yarbanci sosai, yaya ba zai ji tsoro ba? Amma ku sani, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, kuma wanda ya saɓa yana fuskantar tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Dokar ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba, ba ta ce ban da mashayi ba. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 33 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sashe na 41 ya ba ɗan Nijeriya damar zama duk inda ya so a ƙasarsa, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko wurin da ya fito. Muna biyan haraji a kasuwa da tasha da kwata, ba alfarma muke roƙo ba.

Akwai kuma wani haɗari da iyaye ba su sani ba. Yaron da aka tsare a gidan yari ko aka kulle a gidan mari na wasu watanni, jikinsa yana mance ƙarfin ƙwayar. Ranar da ya fito, in ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, wannan adadin yana iya kashe shi. Makonni biyun farko bayan fitowa su ne mafi haɗari. Kowa ya tuna abin da aka gani a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da wasu 259 a Ibadan, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta warkar da jaraba. Akwai asibitocin gwamnati na ƙwaƙwalwa a Yaba da Aro ta Abekuta da suke da sashen kula da masu shaye-shaye, can ya kamata a nufa. Kuma duk wanda nasa ya dawo daga tsare, ya sa masa ido sosai a waɗannan makonni, kada a bar shi yana kwana shi kaɗai.

Kada kuma a ɗauka abin na maza ne kawai. Binciken da muka ambata ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwayoyi, ɗaya mace ce. Ita tata a cikin ɗaki take sha, in ta faɗi ma mata ne a kusa da ita, kuma kunyar fitar da ita ta ninka ta namiji. Duk wani horo da za a yi wanda bai shiga makarantun Islamiyya na matan aure ba, rabin aiki ne.

Don haka ga abin da muke nema. Daga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Legas da ƙananan hukumomi, a ajiye nalokson a kowane ƙaramin asibiti da ke unguwanninmu, a horar da ma'aikata, a kuma horar da mutanen da jama'a za ta zaɓa daga tashoshi da kasuwanni, da harshen da suke ji. Daga asibitoci na gwamnati da na kuɗi, a fara ceton rai kafin maganar kati da takarda, kamar yadda doka ta ce. Daga rundunar 'yan sanda da Hukumar NDLEA, a fito a faɗa a rubuce cewa wanda ya kawo mutum asibiti don ceton ransa ba za a kama shi a kan haka ba. Yawancin jihohin Amurka suna da irin wannan doka, kuma 'yan majalisarmu ba su fi ƙarfin yin ta ba. Samame a ɗakin 'yan ci-rani ba zai rage gawa ko ɗaya ba muddin kwantenoni suna wucewa.

Daga cikin gida kuwa, kowace tasha da kowane sashe na kasuwa da kowane masallaci su fitar da mutum biyu ko uku da za a koya wa taimakon gaggawa, a san su, a san inda suke kwana. A ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don motar dare da katin asibiti, kada rashin kuɗin mota ya ci ran ɗan mutane. Idan za a kai yaro asibiti, dattijo ɗaya mai jin harshen gari ya bi su, don ganin babba yana sa a saurara. Limamai su faɗi alamomin nan uku a bayan salla, ba zai ci minti biyar ba. Shugabannin unguwa su riƙa rubuta adadin waɗanda suka rasu ta wannan hanya, ba tare da suna ba, domin hukuma ba ta jin kuka sai da lissafi. Masu kemis da masu tallar magani a faranti da ke cikinmu, waɗanda suke miƙa wa yaro mai 225 su karɓi kuɗinsa sannan su zo sahun gaba a jana'izarsa, ku ji tsoron Allah, kuma ku sani jama'a ba za ta tsaya wa kowa ba ranar da hukuma ta zo kansa. Iyayen gida masu ganin yaro yana aikin mutum uku ba gajiya su yi murna, ku tambayi kanku da me yake yi.

Waɗannan yara amana ce. Iyayensu sun sallamo su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Damagaram bisa yardar cewa akwai manya a Legas. Ranar da aka tambaye mu yadda ɗansu ya rasu, ba za mu so amsarmu ta zama an ji minsharinsa an ja ƙofa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai wannan takarda ɗakunan samari, don can ne aka fi bukatarta.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mu ikon tsayawa a kan gaskiya. Wassalam.

Sakatare, a madadin ƙungiya.